Jan Biron Kawu Bulus

Ku da kuka zauna a Kafanchan a 'yan shekarun nan kun san ƙa'idar: in ka rubuta abu a intanet da safe, kafin la'asar ka saurari ƙararrawar keke a ƙofar gidanka. Kawu Bulus ne, ya kawo maka amsa.

Sauran jama'a da babban yatsa suke mayar da martani, suna kwance a gado. Shi kuwa har ya koma ga Ubangiji bai mallaki wayar shafawa ba. 'Yar ƙarama mai tocila yake riƙewa, ita ma a kashe, wai kada batir ya gaji. Kowace safiya sai ya tafi shagon Madam Ladi mai kwamfuta, kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya ce, "To, buɗe mana mu ga ƙaryar yau." Tana jan shafi, yana nuni da baki: "Wannan. Wannan ma. Wuce wancan, mahaukaci ne, ba a gyara mahaukaci." Abin da ya zaɓa sai ta buga masa a takarda. Kuma ba sabuwar takarda ba, Allah ya kiyaye! A bayan takardun shirin biki da na jana'iza ne, waɗanda yake tsincewa a coci in an tashi. Sai ka karɓi ƙaryarka a gaba, ka juya baya ka ga mamaci yana kallonka.

Daga nan sai jan biro. Ya ja layi a ƙarƙashin kowace magana mai nauyi, ya rubuta a gefe tambayar da duk muka haddace: "Ka je ka taɓa?" Ya sa a ambulan, ya hau keke.

Ni ce Rahila, 'yar ƙanwarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana, ko da faɗa zai yi mini. A gidansa na girma. Shi ya koya mini karanta labarai, da ludayi a gaban bakina a matsayin makirufo, kuma da wannan ludayin na shiga gidan rediyo na yi shekaru ina karanta labaran ƙarfe shida. Amma akwai abu ɗaya da na nema a wurinsa tun ina yarinya ban samu ba. Idan ya bi diddigin magana ya tarar gaskiya ce, yakan rubuta a ƙasan takardar: "Na je. Na taɓa." Ya sa hannu. Ya yi wa wata nas. Ya yi wa wani mai sayar da citta da ya ce buhunsa babu yashi. Ni bai taɓa yi mini ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Uwata, ke karantawa kike yi. Wani ne ya je. In ma ya je."

Yara na yanzu ba su san inda tambayar ta samo asali ba. Kawu jami'in yaɗa labarai ne na ƙaramar hukuma a zamanin da ake ɗaura lasifika a kan mota a zaga ƙauyuka. Wata damina aka miƙa masa takarda cewa taki ya iso. Ya zaga har ƙauyukan Kagoma yana shela, da Hausa da yare. Washegari mutane suka bar gona suka tako da ƙafa, suka tarar da sito wayam, sai ɓeraye. Wata tsohuwa ta gane muryarsa, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Ɗana, da ka ce ya zo, ka taɓa shi da hannunka?" Kawu ya ce daga ranar bai sake sanar da ko buhun gishiri ba sai ya sa hannu a kai. Shi ya sa aka yi ta ƙara wa abokan aikinsa girma, shi kuwa aka ƙara masa shekaru.

To, mutum irin wannan ne Allah ya ja kwanansa har ya ga zamanin da kowa ke da lasifika a aljihu. Yakan ce, "Da, mutum ɗaya ne ke yi wa gari ƙarya, kuma gwamnati ke biyansa. Yanzu kowa na yi, kyauta."

Kun tuna Mama Talatu, shugabar zumuntar mata? Ranar da ta cika sittin ta sa hotonta a shafinta. Waya ta goge mata duk wani layi da shekaru suka zana, ta rage mata kumatu, ta ƙara mata gashin ido. Mutane suka yi ta zuba mata albarka a ƙasa: "Sarauniya!" "Ba kya tsufa, Mama!" Ranar Lahadi bayan sujada Kawu ya tare ta a bakin ƙofa, a gaban matan zumunta, da takarda a hannu.

"Talatu, ashe kina da 'ya kamar wannan kika ɓoye mana? Ga Ishaya ɗan wana yana neman aure."

"Haba Baba Bulus! Ni ce fa!"

Ya kalli takarda, ya kalle ta. Ya sake kallon takarda.

"To ɗaya daga cikinku na ƙarya. Ni dai wadda na sani ita ce ta yi jinyar matata wata uku a asibiti, kuma da wannan fuskar ta yi. Waccan ta waya ban san me ta taɓa yi wa kowa ba."

Mama Talatu ta yi wata guda ba ta gaishe shi. Hoton kuwa ta cire.

Sai Danladi mai gidan burodi. Wani ya gaya masa cewa kamfani ba ya ci gaba a yanzu sai yana da shafi, kuma shafi ba ya ci gaba sai da shaidar masu saye. Danladi ya duba garin nan kaf, ya ga babu wanda aka fi yarda da maganarsa kamar Kawu. Ya samo hotonsa na wani biki, ya manna masa burodi a hannu, ya rubuta a ƙasa: "Shekara talatin ina cin burodin Danladi, shi ne sirrin ƙarfina." Gidan burodin kuwa bai kai shekara biyar ba. Kawu kuma ciwon suga ya raba shi da burodi tun kafin Danladi ya san yadda ake kwaɓa fulawa.

Bai yi faɗa ba. Ya jingina keke a gaban shagon, ya zauna a benci da takardar asibiti a cinya. Duk wanda ya zo saye sai ya gaishe shi cikin ladabi.

"Sannu, 'yata. Ni ne na hoton. Ban taɓa ci ba. Ga takardar likita."

Danladi ya fito da gudu, fulawa har gira.

"Baba, don Allah! Talla ne kawai, kowa yana yi! Zan goge yanzu-yanzu."

"Kada ka goge. In ka goge, waɗanda suka karanta za su goge kansu ne? Gyara za ka yi. Kuma gyara ta kai girman ƙarya: hoto iri ɗaya, wuri ɗaya, kwanaki iri ɗaya."

Haka aka yi. Mako biyu shafin gidan burodi yana ɗauke da hoton Kawu, hannu wayam, da rubutu: "Wannan dattijo bai taɓa cin burodinmu ba." Mutane suka yi ta tura wa juna suna dariya, har daga Kaduna ake tsayawa da mota a sayi burodin da Baba bai taɓa ci ba. Danladi ya ƙara tanda. Ya zo gida godiya da kwali guda na burodi. Kawu ya leƙa kwalin ya ce, "Ka ga? Ka faɗi gaskiya sau ɗaya, ta ciyar da kai. Yanzu kuma ka kawo guba ka kashe wanda ya koya maka."

Duk wannan ina dariya ne daga nesa, har ranar da na bar rediyo na karɓi aikin kula da shafukan Honorabul ɗinmu. Ba sai na faɗi sunansa ba, fuskarsa tana kan kowane turken wutar lantarki. Muƙamin yana da suna mai tsawo, amma aikin gajere ne: Honorabul ya yi atishawa, ni in rubuta cewa ya ƙaddamar da shirin iska mai tsabta. Da na gaya wa Kawu, sai ya ce, "Madalla. Da kina karanta ƙaryar wasu, yanzu za ki dafa taki. An samu ci gaba."

Na yi watanni ina taka-tsantsan. Ambulan bai zo ba. Sai maganar bohol.

A unguwarsu Kawu, mata suna sauka har rafi ɗibar ruwa da zarar rijiyoyi sun ƙafe. Honorabul ya sa aka haƙa bohol, aka ɗora tanki a sama, aka shafa fenti, aka rubuta sunansa da haruffan da suka fi famfon girma. Ranar buɗewa ban je ba, ina ofis ina jiran hotuna. Suka iso kuwa masu kyau: Honorabul ya murɗa famfo, ruwa na zuba, mata na guɗa. Na zauna na rubuta da Hausar rediyo mai tsabta cewa daga yau matsalar ruwan sha a wannan unguwa ta zama tarihi. Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne tankar ruwa ce ta cika tankin da safiyar ranar. Injin da zai jawo ruwa daga ƙasa ba a saka shi ba. Kwana biyu tarihi ya ƙare, mata suka koma rafi.

Rana ta uku sakatare ya leƙo ya ce wani tsoho yana layi tun safe, ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi. Kawu ya shigo ya cire hula, kamar bai taɓa ganina ba.

"Ina kwana, Malama jami'a. Wasiƙa na kawo daga jama'a."

"Kawu, ai da ka bari na zo gida."

"A gida ke Uwata ce. A nan ke ce lasifika."

Na buɗe. Rubutuna ne, a bayan takardar jana'izar wani tsohon hedimasta. Jan layi ɗaya, tambaya ɗaya. Na ce masa ba ni na haƙa ba, hotuna aka turo mini. Ya mayar da hularsa ya ce, "Ni ma takarda aka miƙo mini."

Washegari ya ɗauki bokitin matarsa, Inna Saratu, ya tafi bakin bohol, ya ajiye a ƙarƙashin famfo, ya zauna a kan dutse. Bai ɗaga kwali ba, bai zagi kowa ba. Wanda ya tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "An rubuta akwai ruwa. Ina jira." Haka ya yi kwana biyar, daga safe zuwa azahar. Wani ɗan acaɓa ya ɗauki hotonsa a waya ya saki a intanet. Mutumin da bai san inda ake latsawa a buɗe intanet ba ya zama abin da intanet ke magana a kai. Aka yi ta haɗa hotonsa da rubutuna gefe da gefe, har da waƙa.

Honorabul ya kira ni ofishinsa. Wayoyi uku a gabansa, duk suna ƙara.

"Rahila, wannan kawunki yana so ya kashe ni ne? Zaɓe ya kusa fa!"

"Ranka ya daɗe, in aka sa injin..."

"Wa ya tambaye ki inji? Inji zai zo a lokacinshi. Yanzu ki rubuta cewa tsohon nan kanshi ya taɓu, tsufa ne, 'yan adawa ne suka ba shi bokiti. In ya fito daga hannunki kowa zai yarda, ai jininki ne. Kafin ƙarfe huɗu ina so in gani. Ko ki rubuta, ko ki ajiye mini makullin ofis."

Zan so in ce muku na tashi na buga tebur. Ban buga ba. Ina da yara biyu a makaranta. Na koma na rubuta, kuma na rubuta da kyau, da kalmomi masu laushi irin waɗanda ake yanka mutum da su bai ji ba: dattijo mai daraja, nauyin shekaru, masu amfani da rauninsa. Sai dai tun ina riƙe da ludayi shi ke gyara mini Hausa, na kasa sakin rubutu a kansa bai gani ba. Na buga a takarda na hau acaɓa zuwa bakin bohol.

Ya karanta a hankali, mata uku da jarkoki suna tsaye suna kallonmu. Ya zaro biro daga aljihu.

"Shekaruna saba'in da takwas, ba tamanin da biyar ba. Kada ki ƙara mini, ban ci su ba." Ya gyara. "Bokiti ba na 'yan adawa ba ne, na Saratu ne, kuma tana nemansa." Ya gyara. "Nan da kika ce ina mantuwa, gaskiya ne, jiya na manta inda na ajiye tabarau. Bar shi." Ya miƙo mini takardar. "Sauran ya yi kyau. Hausarki ta nuna, Uwata. Ki saki abinki, ki riƙe aikinki, yara su ci abinci. Ba zan yi fushi ba. Amma tunda ga ki ga famfo, ki taɓa tukuna."

Taku huɗu ne tsakanina da famfon. Na murɗa. Ya yi wani ɗan huci, kamar tsohon da aka tasa daga barci, sai zanzaro ya fito daga bakinsa a fusace, don har ya gina ɗaki a ciki. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Anti, a hankali, mai gidan yana ciki." Suka fashe da dariya, suka ɗauki jarkokinsu suka nufi rafi. Ɗayarsu da ciki, wata bakwai ko takwas.

A nan tsaye na buɗe shafin Honorabul na rubuta layi huɗu. Na ce abin da muka sanar ba daidai ba ne, bohol ɗin ba shi da inji, ruwan ranar biki na tanka ne, kuma dattijon da ke zaune a wurin lafiyarsa ƙalau. Na sa hoton famfon, girmansa ɗaya da na farko. Na latsa. Kafin acaɓa ya mayar da ni ofis an canza kwaɗon ƙofa.

Yanzu ku ji yadda duniyar nan take. Kafin yamma mutane sun cika shafin da yabo. "Ga ɗan siyasa mai amsa kuskurensa!" "Irin wannan muke nema!" Har daga Abuja. Honorabul, wanda da rana yake neman wanda zai shaƙe ni, da yamma yana gaya wa 'yan jarida cewa shi ya ba da umarni, domin gaskiya ita ce gadonsa. Yabon ya yi masa yawa har ya rasa hanyar fita, dole cikin mako biyu aka kawo inji, ruwa ya zo. Wanda ya gaje ni ya buga sababbin fastoci: "Honorabul Mai Gaskiya." Ni kuwa ba a mayar da ni ba. An ce ba ni da biyayya.

Na je wurin Kawu ina tsammanin, ko ba komai, yau zan ji kalma ɗaya. Yana gyaran sarƙar keke. Ya ɗago ya ce, "Na ji an kore ki. Akwai tuwo a ciki." Shi ke nan. Na koma rediyo a matsayin mai aikin wucin gadi, ina karanta sanarwar ɓatan awaki. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka.

Da ya rasu bara, bayan gajeruwar rashin lafiya, shafin Honorabul ne ya riga iyali sanarwa. Suka haɗa hoton su biyu kafaɗa da kafaɗa, mutanen da ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, suka rubuta: "Na rasa uba kuma mashawarci." Suka ba shi shekara casa'in. Madam Ladi ba ta jira kowa ba. Ta buga a bayan takardar jana'izarsa shi kansa, ta kawo mini har gidan makoki ta ce, "Ga aiki." Na ɗauki jan bironsa na ja layi, na hau kekensa da zanin makoki, na kai da hannuna. Sakatare ya ga ambulan ya miƙe tsaye.

Bayan kwana bakwai Inna Saratu ta ba ni akwatin takardunsa, ta ce in ƙone ko in ajiye, ita dai ta gaji da ƙaryar mutane a ƙarƙashin gadonta. Na zauna ina dubawa. Rabin garin nan yana ciki, kuma ku kwantar da hankalinku, ba zan karanta ba. Can ƙasa na tarar da layi huɗun nan nawa. Wannan kaɗai ne a kan sabuwar takarda fara, bayanta babu kowa. Babu jan layi ko ɗaya. Takardar ta ɗan yi kumburi a gefe, alamar an riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu. A ƙasa, da rubutunsa mai karkata: "Na je. Na taɓa. Akwai ruwa. Uwata ce ta rubuta."

Ya ajiye bai ba ni ba. Da yana nan da na tambaye shi dalili, kuma na san amsar: kada kai ya kumbura.

Kawu, mu dai an gaya mana akwai wurin da babu ƙishirwa, babu kuka, kuma mun gaskata ba mu gani ba. Kai yanzu ka je. Ubangiji ya karɓe ka da alheri, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a gefen ruwa mai daɗi, ya ta'azantar da Inna Saratu. Mu kuma da muka rage da lasifika a aljihu, ya ba mu kunyar taka ƙafa kafin mu buɗe baki. Amin.